Rumbun Da Na Ƙona Da Hannuna

Na ji abin da kuke gaya wa 'ya'yanku a kaina. Jikata Rifkatu ce ta faɗa mini muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ba da nufin kai ƙara ba: wai Kaka ba ta son fim, wai ta taɓa miƙewa a tsakiyar majami'a ta kunyata fasto da ɗanta na fari don kawai an kunna majigi. Kuna faɗa kuna dariya, kun mai da ni tsohuwar da zamani ya wuce. To, tunda idona yana gani har yanzu, hannuna kuma yana riƙe biro, zan rubuta abin da ya faru a wannan shekarar kamar yadda ya faru. Ku uku ƙanana kuna makarantar kwana a lokacin, abin da aka ba ku shi kuka karɓa. Yayanku kuwa, ɗan farina, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, ya san gaskiya. Shiru kawai ya zaɓa.

Zan fara da nawa laifin. Lokacin da marigayi mahaifinku ya sayo talabijin da ɗan janareta daga Kazaure, ni na naɗa kaina mai gadin ƙofa. Ina uwar zumuntar mata a ikilisiyarmu, ina ganin idon gari duka yana kan gidana. Duk faifan da ya shigo gidan nan sai na juya kwalinsa na duba. In na ga gicciye, ko mutum ya ɗaga hannu sama yana addu'a, in ce a sa, har in kira matan maƙwabta. In na ga saurayi da budurwa a cikin furanni, in mayar wa mai shi tun bai wuce zaure ba. Ban taɓa zama na tambayi kaina ko abin da ke cikin masu gicciyen gaskiya ne ba. Mun kalli wanda kowace tsohuwa a cikinsa mayya ce, na ce amin. Mun kalli wanda duk mai ciwo a cikinsa zunubinsa ne ya kama shi, na ce amin. Mahaifinku ba mai yawan magana ba ne, amma ya taɓa ce mini:

"Lai'atu, kwali kike tacewa. Abin da ke ciki yana wucewa."

Na ce masa ya bar ni da tarbiyyar 'ya'yana. Ya bar ni.

Yanzu maganar rumbu. Kun san an taɓa yin gobara a gidan nan, amma ban sani ba ko kun san wanda ya jawo ta. Ni ce. Bayan kaka ne, an gama ɗaure gero an jera a rumbu, ina suyar ƙuli-ƙuli a bayan ɗaki da rana tsaka. Aka aiko cewa Saratu, matar ƙanin mahaifinku, tana naƙuda. Na fita da gudu ban janye itace ba. Mai ya tafasa ya zuba a wuta, wuta ta kama dangar kara, danga ta miƙa wa rumbu. Mazan unguwarmu duk sun tafi cin kasuwar Gwiwa. Waɗanda suka fara isowa mutanen rugar Ardo Buba ne, Fulanin da ke tsallaken fadama, waɗanda shanunmu uku ke hannunsu kiwo tun zamanin surukina. Ardo da kansa ya hau jinkar ɗakina yana yaye ciyawa don kada wutar ta tsallaka, har ta lashe masa hannun dama. Matarsa, Adda Hajjo, ta zubar da nonon tallanta a ƙasa ta riƙa ɗibar ruwa da ƙwaryar. Rumbu dai ya tafi. Amma kafin mako ya zagayo, dammunan gero suka riƙa shigowa gidan nan a kan jakuna, daga ruga, daga unguwar Musulmi, daga 'yan'uwanmu masu bi. Da su muka kai damina.

A shekarar da nake nufi, mahaifinku ya cika shekara biyu da rasuwa. Yayanku yana aiki a birni, a can ya haɗu da wasu masu shirya finafinan bishara. Ya kira ni a waya, muryarsa cike da murna.

"Mama, za su zo su ɗauki shaidarki. Duniya ba ta san akwai Hausawa masu bin Yesu ba. Za a ga yadda kuka tsaya."

Ni ma na yi murna, don ina da abin faɗa. Mu ne muka girma ana tambayarmu wai ta yaya Bahaushe zai zama Kirista. Mu ne muka yi shekaru muna neman filin da za mu faɗaɗa majami'a, ana ce mana mu dawo gobe. Akwai gidajen da ba a shan ruwa a kofinmu. Duk wannan gaskiya ne, ban taɓa ɓoye shi ba, kuma ba na ɓoye shi yanzu.

Suka zo su huɗu a mota, da kyamarori, da shugabansu wani mai gilashi da suke kira Darakta, wanda ba ya gama jimla sai ya ce mini Mama. Na yi musu tuwon gero da miyar kuka, na yanka kaza. Da za a fara, na fito da atamfata ta zuwa sujada, sai Darakta ya ce ko ina da wani zane da ya ɗan kwana biyu. Tun daga nan ya kamata in farka, ban farka ba. Na ɗaura tsohon zanen da nake surfe da shi, suka zaunar da ni a kujera 'yar tsugune a gindin darbejiya. Na ba su labarin komai, har na zo kan gobara. Na faɗi kaskon da na bari a wuta, na faɗi hannun Ardo, na faɗi ƙwaryar Hajjo. Da na zo inda mahaifinku ya dawo daga kasuwa ya tsaya a kan tokar abincin shekararsa, sai kuka ya ƙwace mini. Na kai hannu zan share, Darakta ya ɗaga yatsa.

"Kada ki share, Mama. Bar shi haka."

Da yamma suka ce suna son ganin rugar mutanen kirkin nan. Ni na kai su, da ƙafata. Hajjo ta dama musu fura a sabuwar ƙwarya. Ardo ya zagaya da su cikin garke, wani bijimi ya yi huci, mai riƙe kyamara ya zura da gudu ya bar takalminsa. Ardo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ɗayan mai kyamarar kuwa yana ɗauka. Muka rabu ana sa wa juna albarka.

Bayan damina yayanku ya dawo da fim ɗin. Aka sanar za a nuna ranar Lahadi bayan sujada. Jama'a suka zo har daga ikilisiyoyin wajen Roni, aka rufe tagogi da tabarmi, aka rataye farin ƙyalle a bangon gaba. Yayanku yana zaune kusa da Fasto Haruna, ya sa sabuwar riga. Ni aka ba ni benci na farko, mata suna taɓa ni suna cewa yau Mama ta zama tauraruwa.

Fuskata ce ta fara fitowa, cikin zanen surfe, hawaye yana gangarowa. Na ji muryata tana cewa muna kallo wuta ta cinye abincinmu na shekara. Daga nan aka yanke. Babu kasko, babu naƙudar Saratu. Sai wata muryar namiji mai kauri ta hau bayani cewa wannan baiwar Allah ta ƙi barin bangaskiyarta, shi ya sa aka ɗau fansa a kan gidanta. Aka nuna wasu 'yan wasa da ban taɓa gani ba, sanye da malafa, riƙe da sanduna, suna sanɗa suna cinna wa wani rumbu wuta. Aka nuna harshen wutar yana tashi, ana kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Sannan aka nuna rugar Ardo ta gaske, da shanunsa na gaske, har da namu ukun a ciki. Sannan fuskar Ardo Buba ta cika ƙyallen nan, yana dariya har da riƙe ciki.

Na waiwaya in ga wanda zai yi magana. Babu. Majami'a duka ana kuka, ana cewa wayyo Yesu, wasu suna girgiza kai suna tsaki. Abin da ya tashe ni tsaye ke nan, ba majigi ba. Rabin mutanen da ke cikin ɗakin nan sun san yadda gobarar ta faru. Wasunsu sun ci daga geron da aka kawo daga ruga. Na ce a kashe, ƙarar janareta ta shanye muryata. Sai na taka na tsaya a gaban hasken, inuwata ta rufe ƙyallen.

"Na ce a kashe wannan abin. Ƙarya ne. Ni na ƙona rumbuna."

Fasto Haruna ya taso da sauri, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama Lai'atu, ki zauna tukuna. Ma yi magana in an tashi."

"Baba Fasto, a gaban jama'a aka yi ƙaryar, a gaban jama'a zan warware ta."

Na hango Saratu a benci na uku tana share ido da bakin mayafi. Na kira ta.

"Saratu, ba ke ce ke naƙuda a ranar ba? Ba wurinki na ruga na bar wuta ba? Me kike wa kuka?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yaya, abin ne da ban tausayi."

Har yau in na tuna wannan amsa sai zuciyata ta yi zafi. Mace ta san gaskiya sarai, amma an haɗa mata kiɗa da hawaye da sunan Ubangiji, sai ta ajiye abin da ta sani ta karɓi abin da aka nuna mata. Kuma ba zan ce ta fi ni laifi ba. Ni na yi shekaru ina koya wa matan zumunta cewa duk abin da ya zo da gicciye a goshi a buɗe masa ƙofa.

Aka kashe majigi, taro ya watse da guna-guni. Yayanku ya tare ni a bayan majami'a.

"Mama, kin san abin da kika yi mini? Ai ba a kama sunan kowa ba. Fim ne, dole a ɗan ƙara gishiri. Kuma irin wannan yana faruwa a wasu wurare, kin sani."

"Na sani. To su je wuraren su ɗauka, su sa fuskar wanda ya yi. Fuskar wa aka sa a nan?"

"Don aikin Ubangiji ne, Mama."

"Kai, dube ni. Hannun da ya ƙone a kan ɗakin da aka haife ka, shi ka ba su su ɗora wa wuta? Ka kira su yanzu ka ce su janye shi."

Ya ce ba zai yiwu ba, an riga an raba shi, yana wayoyin mutane har ƙasashen waje. Ya shiga mota a ranar, ko abincin da na ajiye masa bai ci ba.

Ban jira ba. Washegari da sassafe na tsallaka fadama. Tun daga nesa na san an riga ni, don Hajjo ta gan ni ba ta taso ba, ba ta kuma shimfiɗa tabarma ba. Ashe tun ranar kasuwa babban ɗansu Sale ya gani a wayar wani mai cajin waya a Gwiwa, mutane sun kewaye suna nuna fuskar ubansa. Na durƙusa a gaban Ardo a kan turɓaya, na faɗi duk yadda aka yi, na roƙi gafara. Da na gama, ya ce:

"Lai'atu, na yarda ba ke kika shirya ba. Hajjo ma ta yarda, fushi ne kawai. An gaya mini abin da kika yi jiya a ɗakin ibadarku."

Na ce alhakinsa yana wuyana, tunda ni na kawo su.

"Ke kika kawo su, mu muka ba su fura. Amma ina da tambaya. Mutanenku da suka zauna suna kuka, ba su san ni ba ne?"

Sai ya kira Sale ya ce a ware shanunmu.

"Ardo, kada ka yi mini haka. Tun kakan yaran nan suke hannunku."

"Ba don ƙiyayya ba ne. In ɗaya ta ci wani abu a daji ta mutu gobe, me za a ce? Wanda aka nuna yana dariya a kan gobararku, ba ya riƙe dukiyarku."

Haka na dawo gida Sale yana kora shanu a gabana, mutanen unguwa suna leƙe ta kan danga. Amanar da ta wuce shekarun aurena, ta mutu a safiya ɗaya. Kafin ya juya, na roƙi Sale ya ɗauke ni a wayarsa. Na tsaya a inda rumbun yake a da, cikin atamfata ta sujada, na faɗi sunana, na faɗi wanda ya kunna wutar da wanda ya kashe ta. Ya tura wa waɗanda ya sani. Ƙaryar ta tsallaka teku, tawa gaskiyar ban jin ta wuce Kazaure da Babura. Babu kiɗa a cikinta.

A makon nan dattawan ikilisiya suka kira ni. Na ɗauka za a yi maganar yadda za mu je ruga gaba ɗayanmu mu ba da haƙuri. Ashe ni ake so in ba da haƙuri, wai na ta da hargitsi a ɗakin Ubangiji, na kunyata baƙi. Wani dattijo, wanda ba zan rubuta sunansa ba don 'ya'yansa abokanku ne, ya ce ko da akwai kuskure a ciki, fim ɗin yana ƙarfafa bangaskiyar mutane, yana sa a yi mana addu'a a nesa. Na ce masa tun muna yara aka koya mana dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, kuma ban taɓa jin an ce sai in maƙwabcin mai bi ne ba. Na ce addu'ar da aka samo da ɓata sunan Ardo, ni ba na so, a mayar wa masu ita. Suka ce in ɗan huta daga shugabancin zumunta har hankali ya kwanta. Hankali bai kwanta ba har yau, tunda ba a sake kirana ba. Fasto Haruna, in faɗi gaskiya a kansa, ya zo gidan nan daga baya shi kaɗai ya ce ina da gaskiya. Na ce ya faɗa a kan bagade. Bai faɗa ba har aka yi masa canjin wuri.

Shanun ban iya riƙe su ba, mace ɗaya babu mai kiwo. Na sayar da su kafin rani ya ƙare. Matan da na yi wa wankan jego suka riƙa gaishe ni a tsaye. Yayanku ya yi shekara huɗu bai taka gidan nan ba, sai bikin ƙanwarku Hannatu. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Da na ɗauko maganar, ya ce, "Mama, ai an wuce wurin." Shi ya wuce. Ardo Buba ya rasu a shekara ta uku, ana nuna shi a kasuwa ana cewa ga na cikin fim. Na je gaisuwa ni kaɗai daga unguwarmu, Hajjo ta riƙe hannuna muka yi kuka, ranar ce ta sake shimfiɗa mini tabarma.

Talabijin kuwa yana nan a ɗakina, ku tambayi 'ya'yanku. Muna kallo tare in sun zo hutu. Abin batsa ina kashe shi kamar da, ba na neman shawarar kowa. Amma na daina duba kwali. Na kalli finafinan Hausa na Musulmi da suka sa na ƙara jin tausayin mutane, na kalli masu ambaton Yesu a kowane numfashi da suka sa na tashi ina zargin maƙwabcina. In an gama, nakan tambayi jikokina ko abin da suka gani zai iya zama gaskiya, da kuma wanda aka ɗora wa laifi ba ya nan balle ya kare kansa. In hawaye ya zo mini, nakan tsaya in duba wanda ya matso shi da abin da yake so in yi da shi. Wannan ne kuke kira ƙin zamani.

Sauran maganar taka ce, kai babba, don na san ƙannenka za su miƙa maka takardar nan. Ba na neman ka ba ni haƙuri, ni uwarka ce, na yafe tun ranar da ka bar tuwonka a rufe. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba. Ardo ya tafi, Hajjo tana da rai. Idonta ya yi rauni, ta daina zuwa talla, kullum da hantsi tana zaune a gindin tsamiyar bakin ruga. Ƙafata ba ta iya tsallaka fadama yanzu, sai dai ka zo da mota mu zagaya ta hanyar Gwiwa. Kada ka zo da kyamara, kada ka zo da tsaraba. Ka zo da bakinka, tun tana iya jin ka.